SHIRI KAFIN AIKIN HAƘORI DA NA BAKI

  

Jawabinmu na yau a kan shirin da mutum zai yi ne kafin likita ya yi masa aiki a baki, watau kamar cire ruɓaɓɓen haƙori, ko tsaga dasashi don a fid da turmin da ya ƙi fitowa, ko fasa kumburi a zubar da mugunya, ko ɗaure muƙamuƙin da ya karye, ko kuwa yanke wani tsiro. Mutane da yawa suna tsammani aikin duk na likita ne, nasu kawai su zauna su buɗe baki. Ba haka ba ne. Rabin aikin mai ciwo ne ke yinsa tun yana gida. Likita yana ganin haƙori da idonsa, amma ba ya ganin abin da ka ci da asuba, ba ya kuwa ganin maganin da ka sha jiya. Waɗannan sai ka faɗa masa. Abin da ya umarce ka kuma, kai ne za ka kiyaye, don ba zai bi ka gida ya tsare ka ba.

INDA AKE YIN AIKIN

A ɗakin shan magani na ƙauye akan duba mutum, a ba shi abin da zai rage zafi, sa'an nan a rubuta masa takarda zuwa babban asibiti, kamar na Yelwa ko na Wara. Idan aikin babba ne sai a tura shi gaba, ta Koko da Jega zuwa Birnin Kebbi, inda akwai Asibitin Sir Yahaya da asibitin Gwamnatin Tarayya, ko kuwa har Sakkwato, Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo.

To, kun san ƙasarmu. Tun da aka gama madatsar Kainji a shekarar 1968 ruwa ya cika ya zama tafki, tsawonsa ya haura kilomita 130. Mutane da yawa sai sun hau jirgi, su sauka su hau babur, kāna su shiga mota kafin su ga likitan haƙori. Wanda ya yi wannan doguwar tafiya, ya kashe kuɗin mota, ya bar koma da gona, in ya isa aka ce ya koma sai wani mako saboda bai bi ƙa'ida ba, ai ya yi hasara biyu. Wanda kuwa ya ɓoye gaskiya don kada a mai da shi gida, shi ransa ya sa a caca. Dalilin wannan jawabi ke nan.

ABU NA FARKO: KA SAN IRIN MAGANIN DA ZA A YI MAKA

Hanya biyu ce manya ake bi don kada mutum ya ji zafin aiki, umarninsu kuwa ya saba wa juna. Nan ne mutane suka fi rikicewa.

Ta farko ita ce allurar kashe wuri. Ana yinta a dasashi, gefen bakin ya mutu, leɓe ya yi nauyi, amma kai kana farke, kana ji kana gani. Maganin da aka fi yin aiki da shi sunansa lidokain, a ƙasar Suwidin aka haɗa shi a 1943. Yawancin cire haƙori da wannan allura ake yi.

Ta biyu ita ce maganin sa barci. Ana ba da shi ta jijiya ko a shaƙa, mutum ya tafi barci mai nauyi, bai san abin da ake ciki ba har a gama. Da shi ake yin manyan ayyuka, kamar na karyewar muƙamuƙi, da na ƙananan yara waɗanda ba za su iya zama shiru ba. Wani likitan haƙori ne ma, William Morton, ya fara nuna wa taron likitoci amfanin irin wannan magani a birnin Boston na Amurka, ran 16 ga Oktoba 1846. Akwai kuma wani tsaka-tsaki, wanda ke sa gyangyaɗi da kasala ba barci sosai ba. Shi ma ku lissafa shi cikin na barci, sai fa in likita ya faɗi wani abu dabam.

Ga bambancin, ku riƙe shi da kyau. In allurar kashe wuri ce, ka ci abinci kafin ka zo. Mai yunwa da tsoro shi ne kan suma a kan kujera, ga shi kuma bayan aiki zai yi awa biyu ko uku bai iya cin kome ba. In kuwa maganin barci ne, lalle ka zo da ciki wofi. Saboda haka tun ranar da aka sa maka rana, kada ka fita daga gaban likita sai ka tambaye shi, "Likita, a farke za a yi mini ko a barci? In ci abinci ko kada in ci?" Matambayi ba ya ɓata. Kada ka bi abin da maƙwabcinka ya ce an gaya masa bara, don aikinsa dabam, naka dabam.

DON ME AKE HANA ABINCI?

A wuyan mutum akwai hanya biyu, ɗaya ta abinci mai zuwa ciki, ɗaya ta iska mai zuwa huhu. Sa'ad da kake farke, ko ɗigon ruwa ya kuskure hanya sai ka ƙware, ka yi tari, ya fito. Wannan tari shi ne mai gadin huhu. Maganin barci yakan kwantar da wannan mai gadi tare da kai. In akwai tuwo a ciki ya taso, babu mai tare shi, sai ya gangara huhu. Gutsuren abinci yakan toshe numfashi nan take. Ruwan ciki kuma yana da tsami mai ƙuna, in ya shiga huhu sai ya ƙone shi, ya jawo ciwon huhu mai tsanani.

Wannan ba zato ba ne. A 1946 wani likita mai suna Mendelson ya bi labarin haihuwa 44,016 da aka yi a wani asibiti na birnin Niyu Yok, ya sami mata 66 waɗanda abin cikinsu ya koma huhu sa'ad da aka ba su maganin barci. Biyu daga cikinsu sun rasu, abinci mai ƙarfi ne ya shaƙe su. Tun daga nan asibitocin duniya suka tsananta wannan doka.

Ga yadda ƙa'idar take a yawancin asibitoci yau, ana lissafi daga lokacin da za a fara aiki:

1. Abinci mai nauyi, kamar tuwo da miyar mai, ko nama, ko soyayyen kifi: a daina awa 8 kafin aiki.
2. Abinci marar nauyi, da madara: awa 6.
3. Nonon uwa ga jariri: awa 4.
4. Ruwa zalla, wanda kake hangen gindin ƙwarya ta cikinsa: awa 2.

Ku lura fa, kunu, da koko, da fura da nono, da shayi mai madara, duk abinci ne, ba ruwa ba ne, ko da yake shansu ake yi. Goro ma abinci ne, haka ƙuli-ƙuli, da dabino, da alewa. Mutum yakan ce, "Ai ban ci kome ba, ɗan kunu kawai na sha." To, wannan ɗan kunun shi ake gudu.

Akwai wani kuskure kuma da ya kamata a faɗa. In ma'aikacin asibiti ya ce wa mutum, "Ka zo da azumi," waɗansu sukan ɗauka irin azumin watan Ramadan ake nufi, sai su tashi da asuba su yi sahur da tuwo har su ƙoshi. Ga misali, a ce za a yi aiki ƙarfe 9 na safe, mutum ya ci tuwo ƙarfe 5. Awa 4 ke nan kacal, tuwon yana nan zaune a ciki. Azumin asibiti ba shi da sahur. Hanya mai sauƙi ita ce ka ci abincin dare bayan lisha, daga nan ka rufe baki ga abinci. Ruwa zalla kuwa ka sha har zuwa lokacin da aka yanka maka, domin a ƙasa mai zafi irin tamu ƙishirwa mai yawa ita ma tana da nata lahani. In likitanka ya ba ka lokacin da ya bambanta da wanda muka faɗa, nasa za ka bi, don shi ya san jikinka.

Iyaye mata, gare ku. Yaro zai yi kukan yunwa, tausayi zai kama ki. Ki daure. Ki kuma tsare shi daga yayyensa da 'yan zaman jira masu miƙa masa biskit. Idan kuwa ya riga ya ci wani abu, ko ƙanƙane ne, ki faɗa. Ba wanda zai dake ki. Iyakarta a jinkirta aikin 'yan awoyi, jinkiri kuwa ya fi makoki.

ABU NA BIYU: RANAR WANKA BA A ƁOYON CIBI

Kafin aiki za a yi maka tambayoyi da yawa. Ba bin diddigi ake yi ba, kowace tambaya da dalilinta. Ga abubuwan da lalle ka faɗa, ko ba a tambaye ka ba.

Hawan jini. Mai hawan jini yakan zubar da jini fiye da kima, tsoro kuma yakan ƙara hau da jinin. Galibi akan ce ya sha ƙwayarsa da safe kamar kullum da ɗan kurɓin ruwa, amma akwai irin da akan ce a dakatar ranar maganin barci. Ka nuna wa likita taka ya faɗa maka.

Ciwon sukari. Wanda ya sha maganin sukari ko ya yi allurar insulin sa'an nan bai ci abinci ba, sukarinsa yakan faɗi har ya suma. Wanda sukarinsa ya hau kuwa, rauninsa ba ya warkewa da wuri. Irin waɗannan akan sa su farkon layi da safe, a kuma tsara musu yadda za su sha magani.

Sikila, watau amosanin jini. Ƙishirwa, da sanyi, da ƙarancin iska a jini, su ne ke tayar da ciwon. Likita yana da shiri na musamman da zai yi wa mai sikila, amma sai ya sani tukuna.

Juna biyu. Mace mai ciki, ko wadda take zaton tana da shi, ta faɗa a keɓe. Ana iya cire haƙori ga mai ciki in ya zama dole, amma akwai magungunan da ba a ba ta, kuma aikin da ba na gaggawa ba akan zaɓa masa lokaci.

Yawan zubar jini. In ka taɓa yankewa jini ya daɗe bai tsaya ba, ko an sha wahalar tsai da jini lokacin kaciyarka ko ta wani ɗan'uwanka, ko kana yawan haɓo, ka faɗa.

Tsargiya da ciwon hanta. Mu mutanen bakin ruwa mun san tsargiya. Fitsarin jini na shekara da shekaru yakan rage wa mutum jini, wani irinta kuma yakan taɓa hanta. Hanta kuwa ita ke yin abubuwan da ke daskarar da jini, ita ce kuma ke narkar da magunguna da yawa. Wanda ya taɓa yin shawara har idonsa ya yi rawaya, ya ambata.

Haka nan ciwon zuciya, da fuka, da farfaɗiya, da ciwon ƙoda, da tarin fuka, da cuta mai karya garkuwar jiki. Asirin mai ciwo amana ne a hannun ma'aikacin lafiya, ba za a kai shi kasuwa ba.

Maganin da jikinka ba ya so. In ka taɓa shan wani magani, ko aka yi maka allura irin ta fenisilin, jikinka ya yi borin jini, ko fuska ta kumbura, ko numfashi ya sarƙe, wannan shi ne abin da za ka fara faɗa. Haka in wani danginka ya taɓa samun matsala da maganin barci.

Zazzaɓi da mura. In ranar ta zo kana da zazzaɓin cizon sauro, ko tari, ko majina ta toshe hanci, ka sanar. Sau da yawa gara a ɗaga aikin har ka warke.

ABU NA UKU: KA ZO DA MAGUNGUNANKA DUKA

Kada ka dogara ga tuna suna. "Wata 'yar ƙwaya ce fara" ba bayani ba ne, don fararen ƙwayoyi sun fi ɗari. Ka zuba kwalaye da fakiti da kwalabe duka a jaka, ka kawo likita ya gani da idonsa.

Mai ciwon haƙori yakan je wurin mai kemis a kasuwa a haɗa masa ƙwayoyi. Cikin haɗin nan sau da yawa akwai asfirin, ko ibufurofen, ko dikulofenak. Asfirin yana hana jini daskarewa da wuri har kwanaki bayan an sha shi. In zafi ya dame ka kana jiran ranar aiki, farasitamol ya fi dacewa, bisa ga adadin da aka faɗa maka, kada ka ninka. Amma ku ji da kyau: wanda likita ne ya ɗora shi a kan asfirin ko warfarin saboda ciwon zuciya ko shanyewar jiki, kada ya daina da kansa. Dainawar takan fi zubar jinin hatsari. Ya faɗa kawai, likita ya san dabarar da zai yi.

Maganin gargajiya ma magani ne. Jiƙo, da tsimi, da sassaƙe, da garin da ake sha a kunu, a ambace su. Waɗansu suna sa barci, waɗansu suna taɓa hanta, waɗansu suna tsinka jini. Ba za a yi maka dariya ba.

Saura abin da mutane suka fi jin kunya. Samari masu jan taru da masu aikin ƙarfi, in ɗayanku yana shan tiramadol, ko kodin, ko wiwi, ko giya da burkutu, ya gaya wa likita a asirce. Jikin da ya saba da waɗannan ba ya karɓar maganin barci kamar sauran jikuna. Wani sai an ƙara masa, wani kuwa in aka haɗa da abin da ya riga ya sha sai numfashi ya tsaya. Likita ba ɗan sanda ba ne, adadin da zai auna maka yake nema.

Taba kuma, ko sigari ko ta gari da ake cusawa a leɓe, tana hana rami warkewa. Ka ajiye ta tun kafin aiki, iyakar kwanakin da za ka iya, bayan aiki kuma aƙalla kwana 3.

Kada a ɗiga ruwan batir ko fetur a ramin haƙori, kada kuma a danna ƙwayar asfirin a dasashi. Suna ƙone naman baki, su bar likita da ciwo biyu maimakon ɗaya.

ABU NA HUƊU: ƊAN RAKIYA DA HANYA

Wanda za a ba maganin barci ba ya zuwa shi kaɗai. Lalle ya zo da babban mutum mai hankali, wanda zai zauna har a gama, ya saurari umarnin da za a bayar, ya kai shi gida, ya kwana kusa da shi. Yaro ɗan shekara 12 ba ɗan rakiya ba ne.

Dalili shi ne, maganin ba ya barin jiki da buɗe ido. Mutum zai ga kamar ya warware, alhali jiri yana nan, hankalinsa bai gama komowa ba. Har awa 24 kada ya tuƙa babur ko mota, kada ya riƙe filafili ko injin jirgi, kada ya jefa birgi, kada ya hau bishiya, mace kuma kada ta tsaya kan wuta. Wanda jiri ya ɗauka a tudu ya faɗi ƙasa ne, wanda ya ɗauka a tsakiyar tafki kuwa sai dai a nemi gawa. Saboda haka mutanen gungu da na ƙetare, ku shirya masauki a gari. Ku iso tun jajibere ku kwana, don kada iska ko rashin jirgi ya sa ku makara, bayan aiki kuma ku sake kwana ɗaya kafin ku hau ruwa. Wannan yana da wani amfani kuma: in jini ya ɓalle da dare, asibiti yana kusa.

In ranar da aka sa maka ta faɗa kan ranar kasuwa, ko lokacin cirar albasa ko yankan shinkafa, ka faɗa tun farko a sauya. Ka nemi wanda zai riƙe maka aiki kwana biyu ko uku.

ABU NA BIYAR: SAFIYAR RANAR AIKI

Ka yi wanka. Ka goge bakinka sarai da buroshi ko asuwaki, ka tofar da ruwan, kada ka haɗiye. Baki mai tsabta ƙwayoyin cuta kaɗan ne a cikinsa, rauni kuwa ya fi saurin warkewa.

Ka sa riga mai sauƙi wadda hannunta ke naɗuwa, don awon jini da allura. Mata su bar sarƙa da 'yan kunne a gida, kada su shafa jan baki. Akwai wata 'yar na'ura da ake maƙalawa a yatsa tana auna iskar da ke cikin jini, jan farce da baƙin lalle sukan rikita ta, saboda haka a bar yatsu haka nan. Mai haƙorin roba ya faɗa, mai haƙori mai girgiɗi ma ya nuna shi.

Ka riƙo katinka, da takardar da aka ba ka daga ɗakin magani, da hoton haƙori in an ɗauka, da sakamakon awon jini.

Za a ba ka takardar yarda ka sa hannu ko ka dangwala yatsa. Kada ka dangwala sai an bayyana maka abin da za a yi. In Hausarka ba ta nuna ba, Gunganci ko Kambarci ko Shanganci ka fi ji, ka zo da mai yi maka tafinta. Hakkinka ne.

Za ka ga kuma ana ta maimaita maka tambaya: wane ne sunanka, wane haƙori ne, wane gefe, yaushe ka ci abinci? Kada ka yi fushi ka ce ba sa saurare. Da gangan ake yi. Hukumar Lafiya ta Duniya ce ta fitar da wannan tsari na bin tambayoyi ɗaya ɗaya kafin aikin tiyata a shekarar 2008, don kada a yi wa wani aikin wani, ko a cire lafiyayye a bar mai ciwo. Ka sa yatsa ka nuna haƙorin kowane karo.

Waɗansu suna tsoro saboda an ce cire haƙorin sama yana makantar da mutum. Wannan magana ba ta da tushe. Jijiyar gani dabam, ta haƙori dabam. Abin da kan kai ga ido shi ne mugunyar ruɓaɓɓen haƙori da aka bari ta yi ta yaɗuwa.

ABIN DA ZA KA TANADA A GIDA

Shirin bayan aiki ma tun kafin aiki ake yinsa. In an cire haƙori, jini yakan daskare a ramin ya zama guda. Wannan gudan jini shi ne murfin rauni, a ƙarƙashinsa sabon nama ke tsirowa. In ya fita, ƙashi ya zauna a buɗe, bayan kamar kwana 3 sai zafi ya taso wanda ya fi na farko, da wari.

Saboda haka ka cije audugar da aka sa maka kamar rabin awa. Ranar farko kada ka kuskure baki da ƙarfi, kada ka yi ta tofar da yau, kada ka tsotsi rake ko wani abu, kada ka sa harshe ko tsinke a ramin. Wajen alwala ka sa ruwa a hankali ka bar shi ya zubo da kansa. Daga washegari ka riƙa jiƙa bakin da ruwan ɗumi mai ɗan gishiri, rabin ƙaramin cokali a kofi ɗaya, bayan kowane cin abinci. A tanadar maka kunu wanda ya huce, da fate, da tuwo mai laushi. Bandar kifi mai ƙaya, da ƙuli-ƙuli, da goro, da yaji, su jira tukuna. A lura da yaro kada ya ciji leɓensa sa'ad da yake a mace.

In jini ya ƙi tsayawa bayan ka cije tsumma mai tsabta rabin awa sau biyu, ko kumburi yana ƙaruwa bayan kwana 3, ko zazzaɓi ya zo, ka koma asibiti.

WANDA BA YA JIRAN RANA

Duk abin da muka faɗa na aikin da aka sa wa rana ne. Akwai ciwon da ba a jira da shi. In ciwon haƙori ya kumbura ƙarƙashin haɓa har wuya ya yi tauri, baki ya ƙi buɗuwa, yau yana dalala, haɗiya ko numfashi yana wuya, a tafi babban asibiti nan take, ko da tsakar dare ne, ko an ci abinci ko ba a ci ba. Irin wannan kumburi yakan toshe maƙogwaro. Kada a tsaya wurin wanzami a ce a tsaga.

Haka kuma yaro ƙarami mai rama, musamman wanda bai daɗe da tashi daga ƙyanda ba, in dasashinsa yana jini, bakinsa yana wari, kumatu ya kumbura ko ya fara baƙi, a gaggauta. Wannan yana iya zama cutar noma, mai cinye leɓe da kumatu cikin 'yan kwanaki, alhali in an kama ta da wuri magani yana tsai da ita. A Sakkwato akwai asibiti musamman domin wannan cuta tun 1999, inda ake gyara fuskokin waɗanda ta yi wa lahani, a watan Disamba 2023 kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ta cikin jerin cututtukan ƙasashe masu zafi da aka yi sakaci da su. A can ma ba a yi wa yaro aiki sai an ciyar da shi ya yi ƙarfi tukuna. Kun ga ke nan ko gwanayen likitoci ba sa raina shiri.

A TAƘAICE

Ga abin da za ku riƙe, wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba:

1. Ka tambaya: a farke ko a barci?
2. In a farke ne, ka ci abinci. In a barci ne, ka zo da ciki wofi, ba sahur, ba kunu, ba goro.
3. Ka faɗi ciwonka duka, da abin da kake sha duka.
4. Kada ka fara magani ko ka daina shi da kanka.
5. Ka zo da babban mutum, ka shirya masauki, kada ka hau ruwa ko babur ranar.
6. In ka karya wata ƙa'ida, ka faɗa kafin a fara.

Wanda bai gane wani abu cikin wannan jawabi ba, ya je wurin malamin ɗakin shan magani na garinsu ya tambaya, don haka aka ajiye shi. Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya ƙara mana lafiya da zama lafiya, amin. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.